FILIN UWARGIDA: Murhun Gas Ba Ya Cinye Dauɗarsa

 Kaka ta yi, iskar hunturu ta fara kaɗawa, Kirsimeti kuwa yana bakin ƙofa. Nan da 'yan makonni murhu ba zai huta ba. Saboda haka a wannan wata za mu yi magana a kan murhun gas, samansa da tanderunsa, yadda a ke share shi da yadda a ke kiyaye shi.

Abin da ya kawo maganar shi ne wata ziyara da muka kai Ƙaura Namoda. Muka sauka gidan wata ɗiyarmu da ba ta daɗe da aure ba. Muka tarar ranta a ɓace. Ta ce, "Mama, masu sayar da gas ɗin nan ba su da tsoron Allah. Tukunyar da maigida ya cika mini ko mako uku ba ta yi ba ta ƙare. Dubi kuma gindin tukwanena, sai ka ce a itace na ke girki."

Muka ce, "To, ɗiya, kafin mu ɗauki alhakin mutum, kunna mu gani."

Ta ƙyasta ashana. Wuta ta tashi ja-ja, doguwa, tana lanƙwasa kamar ta aci-bal-bal. Rabin kan murhun ma bai kama ba sam. Da ya huce muka ɗaga hular kan, sai ga busasshen talge da ruwan wake sun toshe ramukan, sun yi tauri kamar siminti. Muka tambaye ta yaushe rabon da ta cire kan ta wanke. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Ashe yana cirewa, Mama?"

Ba mu yi mata dariya ba, gama laifin ba nata ba ne. A murhun duwatsu uku ta koyi girki, kamar yawancinmu. A wannan murhu, in tuwo ya yi ambaliya, wuta ta kan cinye abin da ya zuba, da safe a kwashe toka, shi ke nan. Murhun gas ba haka ya ke ba. Duk abin da ya zuba yana nan yana jiranki. Da fari zai ci miki kuɗi. In aka ƙyale shi, yana iya taɓa lafiyar gida duka.

Dalilin da ya sa gas ya shigo gidajenmu

Iyayenmu ba su san gas ba. Itace da kara da gawayi su ne abin girkinsu, mai hali kuwa ya sayi risho. Amma zamani ya juya. Tun 2016 da gwamnati ta janye tallafin kananzir, risho ya zama abin ajiya a ƙarƙashin gado. Itace kuma, duk wanda ya ke zaune a Zurmi ko Shinkafi ya san halin da a ke ciki. Dazuzzukan da a ke saro shi, irin su Dumburum da Sububu, sun zama wuraren da uwa ba ta yarda ɗanta ya dosa. Abin da a da yara su ke ɗebowa a bayan gari, yanzu sai da kuɗi.

Ga kuma hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda yawancinta daga hayaƙin girki ne, ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a duniya. Mata da ƙananan yara su ne su ke shaƙar mafi yawansa, domin su ne a bakin murhu. Saboda haka wadda ta sami murhun gas ta sami abu mai kyau.

Sai dai gas ɗin nan daga nesa ya ke zuwa. Wani daga Bonny a Jihar Ribas, inda kamfanin NLNG ya fara sayar wa kasuwar cikin gida tun 2007, wani kuma ta jiragen ruwa. Daga kudu a ke ɗoro shi a manyan motoci har ya iso ƙasarmu. Kowace mil da ya yi a hanya tana cikin kuɗin da maigida ya ke biya. Abin da ya sha wannan tafiya bai kamata ya tafi a banza ba saboda busasshen talge.

Wuta tana faɗin lafiyar murhu

Gas ba ya ci shi kaɗai, sai ya gauraya da iska. A ƙarƙashin kowane kan murhu akwai wani ɗan ƙaramin hanci na tagulla mai rami kamar na allura. Daga nan gas ya ke fesowa da ƙarfi, ya jawo iska ta gefe, su haɗu, su fita ta ramukan da su ke kewaye da kan. In hanya a buɗe ta ke, wuta ta kan fito shuɗiya, gajera, daidai wa daida ta kowane gefe. Wannan ita ce wuta mai zafi, ba ta kuwa baƙanta tukunya.

In maiƙo ko ƙura ko abinci ya tare hanyar iska, sai wuta ta zama rawaya, ta yi tsawo, ta yi laushi. A ido ta fi girma, amma zafinta ya ragu. Baƙin da ki ke gani a gindin tukunya, gas ne da kika saya wanda bai ƙone sosai ba. Ban da baƙin, irin wannan wuta tana fid da wata iska mai guba da a ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Alamarta ita ce ciwon kai da jiri da kasala da tashin zuciya, musamman ga wadda ta ke girki a rufaffen ɗaki. In ta yi yawa tana kisa.

Amma kada ki tsorata da kowane jan abu. Da hunturu, sa'ad da ƙura ta cika iska, za ki ga ɗan ja yana walƙiya a cikin shuɗiyar wuta, ya ɓace, ya dawo. Ƙurar ce ta ke ƙonewa, ba kome. Abin lura shi ne rawayar da ta zauna, ta ƙi tafiya, tana barin baƙi.

Sharar kowace rana

Wannan ba ta kai minti biyar ba. Bayan kin sauke abinci, ki kashe murhu, ki rufe kan tukunyar gas, ki bari ya huce. Sa'an nan ki sa tsumma a ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ki matse sosai, ki goge saman. Ki bi da busasshen tsumma. Abin da ya zuba yau, tsumma zai ɗauke shi. In ya kwana uku wuta tana gasa shi, sai da kankara.

Kada ki kwara ruwa a kan murhu yadda a ke wanke turmi. Ruwa ya kan gangara cikin hancin gas, ya jiƙa abin ƙyasta wuta a murhun da ya ke da shi, ya kuma kawo tsatsa daga ciki inda ba kya gani.

Da hunturu ki riƙa rufe murhu da wani tsohon zane in ya huce. In naki mai murfin gilas ne, kada ki sauke murfin a kan kawuna masu zafi, gama gilas ɗin yana iya fashewa.

Rigakafi kuma ya fi magani. Talge, da kunu, da madara, da wake da aka jefa wa kanwa, da ruwan ɗanwake, su ne masu ambaliya. Da sun tafasa ki rage wuta, ki ɗan janye murfi. Wutar gas tana jin magana nan take, ba kamar itace ba da sai an ja shi baya. Akwai kuma haɗari a nan: ambaliya tana iya kashe wuta, gas kuwa ya ci gaba da fita ba wanda ya sani. Don haka ba a ɗora irin waɗannan a tafi hira a zaure.

Wankin mako

Ki zaɓi rana ɗaya, kamar Asabar da hantsi. Ga yadda mu ke yi:

1. Ki rufe kan tukunyar gas tukuna. Ki tabbata murhu ya yi sanyi.

2. Ki cire ƙarafan da tukunya ta ke zama a kai, da hulunan kawuna, da kawunan kansu. Ki lura da wurin kowanne, domin girmansu ba ɗaya ba ne.

3. Ki jiƙa su a ruwan zafi da sabulu ko garin wanki wajen rabin awa.

4. Ki goge su da tsohon buroshin haƙori. Ramin da ya toshe, ki bi shi da siririyar waya ko fil. Kada ki sa tsinken tsintsiya ko na ashana, ya kan karye a ciki.

5. Ki ɗauraye, ki shanya a rana su bushe sarai. Kai mai ruwa ba ya kama wuta daidai.

6. Ki mai da kowanne mazauninsa. Ki taɓa hular da yatsa. In tana rawa, ba ta zauna ba, wuta kuwa za ta fito a karkace.

Shi kuwa ɗan hancin tagullar nan da ya ke ƙasa, ki goge samansa da busasshen buroshi kawai. Kada ki zura masa allura don wuta ta ƙaru. An auna ramin nan ne daidai da iskar da kan zai iya ja. In kika faɗaɗa shi ko kaɗan, kin ɓata shi ke nan, wuta za ta zama rawaya har sai an sayi sabo. In ya toshe, aikin mai gyara ne.

Ki leƙa kuma bututun da ya ke ƙarƙashin kai. Gizo-gizo ya kan yi saƙa a ciki, zanzaro ya kan yi gini, kyankyasai su kan ɓuya saboda maiƙo. Kan da ba a cika kunnawa ba shi ne ya fi samun baƙi irin waɗannan.

Abin da a ke wanki da shi, da wanda ba a yi

A nan ne al'adarmu ta ke ruɗinmu. Mun saba goge gindin tukunya da toka da yashi, a Ƙaura ma yashin Gagare ba ya ƙarewa. Amma saman murhun gas fenti ne mai santsi irin na kwanon sha, ko kuwa ƙarfe mai sheƙi. Yashi da soson ƙarfe da bakin wuƙa suna karce shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ya ke samun wurin shiga: inda fenti ya karce, nan tsatsa ta ke kamawa, nan kuma maiƙo ya ke maƙalewa.

Kawunan murhu da yawa na alminiyam ne. Ruwan toka da kanwa da sodar yin sabulu suna cin alminiyam, su baƙanta shi, su rarake shi. Su dai ruwan zafi da sabulu sun ishe shi. In kan na tagulla ne, lemun tsami ko ruwan tsamiya ya kan fid da haskensa, amma a ɗauraye da kyau.

Ga taurin maiƙo a kan fenti, abin da ya fi shi ne bekin soda, farin garin nan da a ke sa wa kek. Ki dama cokali uku da ɗan ruwa ya yi kauri kamar ƙullu, ki shafa, ki ba shi lokaci, ki goge da soso mai laushi.

Abu biyu kuwa muna roƙonku kada ku yi ko da wasa. Kada a goge murhu da fetur ko kananzir. Kada kuma a haɗa ruwan bilic da lemun tsami ko binega, gama haɗin nan yana tada hayaƙi mai ƙona huhu.

Tanderu

Manyan murhuna masu kai huɗu suna da tanderu a ƙasa, wanda wasu su ke kira obin. A gidaje da yawa ba a kunna shi sai Kirsimeti ko Ista ko ranar suna. Sauran watanni ya zama kabad: ga ledoji, ga robobi, ga ragowar burodi. Ɓera kuwa ya sami ɗaki da abinci. Ya kan yi sheƙa a cikin audugar da ta ke jikin bangon tanderu, ya kan kuma gaigayi tiyo a baya. Ranar da aka kunna, sai wari da hayaƙi su cika gida, wani lokaci ma har sheƙar ta kama wuta.

Saboda haka kada ki jira sai ranar 24 ga wata, ƙullun kek yana hannunki, kafin ki buɗe shi. Ki yi wannan aiki tun yanzu.

Ki rufe gas, ki kwashe duk abin da ya ke ciki. Ki fid da ragar ƙarfe da tire ki jiƙa su a baho. Ki share ɓurɓushi da busasshen tsumma. Sa'an nan ki shafa ƙullun bekin soda a bango da ƙasa da bayan ƙofa, ki bar shi ya kwana. Da safe ki kwashe da jiƙaƙƙen tsumma, ki maimaita har farin ya fita. In ya ƙi, ɗan ruwan lemun tsami zai ɗauke shi.

Wurare uku ne ba a shafa wa kome. Na fari, ramukan da wuta ta ke fitowa. Na biyu, wani ɗan siririn ƙarfe da ya ke tsaye kusa da wutar a yawancin tanderun zamani. Aikinsa shi ne ya ji zafi, in wuta ta mutu ya datse gas. Shi ya sa a ke danne makunni na ɗan lokaci bayan wuta ta kama. Kada a lanƙwasa shi. Na uku, igiyar roba ko ta zare da ta kewaye bakin ƙofa. Ki goge ta da ruwa kawai. In ta tsinke, zafi zai riƙa tsiyaya, kek ya ƙone a gefe ɗaya ya yi ɗanye a ɗayan, gas kuma yana tafiya.

Kada ki shimfiɗa takardar alminiyam ta rufe ƙasan tanderu don gudun dauɗa. Ramukan da su ke wurin hanyar iska ce. In za ki gasa kaza ko nama, ki sa tire a ƙarƙashin raga ya tari mai.

Wajen kunnawa, ki buɗe ƙofa sosai, ki ƙyasta ashana tukuna, sa'an nan ki murɗa makunni. Ashana kafin gas, ba gas kafin ashana ba. In bai kama ba, ki kashe, ki bar ƙofar a buɗe na 'yan mintoci iska ta kwashe abin da ya taru kafin ki sake. Kada ki sunkuya ki sa fuska a ciki. Bayan wanki ki kunna shi ba kome a ciki wajen minti goma sha biyar, taga a buɗe, ya bushe. Ko ba kya gashi, ki riƙa kunna shi sau ɗaya a wata.

Kome tsananin sanyin Janairu, kada a kunna tanderu ko murhu don ɗumama ɗaki, a rufe ƙofa da taga. Wannan shi ne hanyar da iskar nan mai guba ta ke kwantar da mutane barcin da ba tashi.

Tiyo da kai da tukunya

Murhu mai sheƙi ba shi da amfani in bayansa yana yoyo. Wannan sashe na maigida ne da uwargida tare.

Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi. In ya tsiyaya ba ya tashi sama kamar hayaƙi, sai ya kwanta a ƙasa, ya bi lungu, ya taru inda jariri ya ke rarrafe. In ya kai wajen kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, ƙyastu ɗaya ya isa. Shi kansa ba shi da wari. Warin nan da mu ke ƙi, da gangan a ke zuba shi. A shekarar 1937 gas marar wari ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a garin New London a Jihar Texas ta Amurka, ya fashe, ya kashe mutum kusan 300, yawancinsu yara. Bayan wannan ne aka kafa doka a can a riƙa sa wa gas wari. Don haka in hancinki ya ji shi, ki gaskata hancinki.

Duk ranar da aka ciko tukunya, ki kaɗa ruwan sabulu ya yi kumfa, ki shafa a bakin tukunya, da kan da a ke ɗaurawa, da duka bakin tiyo biyu. In kumfa tana hurowa tana girma, akwai yoyo. Ba a gwada yoyo da ashana.

Ki lanƙwasa tiyo ki duba. Zafin ƙasarmu da bushewar hunturu suna busar da roba. In kin ga tsaga, ko ya yi tauri, ko haƙorin ɓera, a canja shi ranar. Ba a naɗe shi da leda ko robar keke. A sayi tiyon da aka yi don gas, ba na ban ruwa ba, a ɗaure bakinsa da kilif na ƙarfe. Ko a Gusau ne, ko a kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, a tambaya a duba, gama araha ba ta ado. A kuma lura kada tiyo ya jingina da bayan tanderu, wurin yana zafi ƙwarai.

Tukunya ta tsaya a tsaye kullum, a gida ko a kan babur, a inuwa, inda iska ta ke wucewa. Abin da ya ke cikinta ruwa ne, zafi kuwa yana kumbura shi, shi ya sa ba a cika ta har baki, a kan bar wajen kashi ɗaya cikin biyar. Da bazara, sa'ad da zafi ya ke wuce digiri 40, kada ki roƙi mai sayarwa ya danna miki gyara. In ta kusa ƙarewa kada a kwantar da ita, kada a kai ta kusa da wuta. Ki ɗaga ki dubi gindinta, nan tsatsa ta ke fara ci saboda ruwan wanke daɓe. Hukumar kula da ingancin kaya ta Nijeriya, watau SON, ta ce shekara 15 ne iyakar ran tukunyar gas. Shekarar da aka ƙera ta tana buge a jikinta.

Ku masu ƙaramar tukunya mai kilo 3 ko 6, wadda kan ya ke ɗaure a samanta, duk abin da muka faɗa ya shafe ku. Ƙari a kai, kada ku ɗora mata babbar tukunyar biki. Faɗinta ya kan mai da zafi ƙasa kan bakin gas da robarsa, nauyinta kuma yana iya kifar da kome. Girkin taro a bar wa babban murhu.

In kin ji wari

Kada ki ƙyasta ashana. Kada ki taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa. Ki rufe kan tukunya, ki buɗe ƙofa da tagogi, ki fid da yara waje. A kashe duk wata wuta da ta ke tsakar gida. Kada a koma sai warin ya tafi an kuma gano inda ya fito.

In mai ya kama wuta a kasko wajen suyar cincin, ki kashe murhu, ki rufe kaskon da murfin ƙarfe, ki bar shi ya huce. Ruwa ba ya kashe wutar mai, watsa ta ya ke yi. In wani ya ƙone, a yi ta zuba wa wurin ruwa mai sanyi mai tsabta har minti ashirin. Kada a shafa ƙwai ko manja ko man goge baki. In ƙunar tana da faɗi, ko a fuska ta ke, ko yaro ne, a tafi babban asibiti ba tare da jinkiri ba.

Inda wanki ba ya magani

In kin wanke kome, ya bushe, kin mai da shi daidai, amma wuta tana nan rawaya, ki kira mai gyara wanda ya san aikin gas. Haka kuma in wuta tana tsalle ta bar kan, ko tana komawa ciki da ƙara, ko makunni ya yi tauri. Wata matsala da mutane ba su cika sani ba ita ce ta murhunan hannu da a ke kawowa daga Turai. Da yawansu an yi su ne don gas ɗin bututu na can, wanda ramin hancinsa ya fi faɗi. In aka haɗa su da tukunya irin tamu, wuta ta kan yi girma, ta yi rawaya, ta yi baƙi. Ko za ki kwana kina wanki ba za ta gyaru ba, sai an canja hancin duka, har da na tanderu. Mai niyyar sayen irin wannan ya sa a kunna masa a gabansa kafin ya biya.

Ku kuma koya wa yara da 'yan aiki. 'Yar da ta isa ɗora ruwan zafi ta isa ta san launin wuta mai lafiya, ta san inda a ke rufe tukunya, ta san abin yi in ta ji wari.

Ita kuwa ɗiyarmu ta Ƙaura, a ranar muka zauna tare muka wanke kawunan, muka shanya. Da la'asar ta kunna, wuta ta zagaye kan shuɗiya shar. Ta kira maigidanta ya zo ya gani. Muka ce ta riƙa rubuta ranar da aka cika tukunya a jikin kalanda, da ranar da ta ƙare. Kwanan baya ta aiko mana da saƙo cewa tukunyar ta wuce wata guda, ta kuma je ta gai da mai sayar da gas ɗin da ta yi ta zagi a zuci.

Ku ma ku gwada kalandar nan, ku rubuto mana abin da kuka gani. A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu kawo yadda a ke gasa kek ya tashi daidai, a tanderun gas da kuma a tukunyar yashi ga waɗanda ba su da shi. Mu kwana lafiya.